NAZARI: Tsadar memori a duniya da katin jabu a kasuwannin gabashin Sakkwato

A ranar 3 ga Disamba, 2025, kamfanin Micron na Amurka ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayan ma'ajiyar kwamfuta da ya shafe kusan shekara talatin yana fitarwa da sunan Crucial. Dalilin da ya bayar ba ɓoyayye ba ne: manyan rumbunan bayanai da ake ginawa domin ƙirƙirarriyar basira suna lashe duk abin da masana'antunsa ke iya ƙerawa, kuma sun fi biya da tsoka. Micron na cikin 'yan tsirarun kamfanonin da duniya ta dogara da su a wannan fanni, tare da Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Kioxia na Japan, da SanDisk. Idan waɗannan suka juya wa ƙananan masu saye baya, babu wata ƙofa da za a ƙwanƙwasa.

Waɗanda suka fara kuka da ƙarfi su ne masu wasannin kwamfuta na Turai da Amurka, musamman masu ƙananan kwamfutocin wasa da ake riƙewa a hannu. Amma ba su ne za su fi jin jiki ba. Wanda ya saba sayen ma'ajiya mai terabait ɗaya zai iya haƙura da rabinta. Matashin Wurno ko Rabah ko Goronyo, wanda katin memori ya zame masa madadin intanet, ba shi da matakin da zai sauko. Abin da ke ƙasa da shi shi ne katin jabu, kuma kasuwar jabun ta daɗe da shirya tarbarsa.

Darasin da Steam Deck ya koyar

A Fabrairun 2022 kamfanin Valve ya fitar da Steam Deck, kwamfutar wasa ta hannu, a mataki uku. Mai ma'ajiyar 64GB dala 399, mai 256GB dala 529, mai 512GB dala 649. Injin da ke cikinsu ɗaya ne, ƙarfin wasa ɗaya ne. Ban da gilashin fuska mai rage ƙyalli da 'yan ƙananan kyaututtuka a mafi tsadar, abin da ya raba ta farko da ta ƙarshe da dala 250 shi ne wurin ajiya da saurinsa.

Masu saye ba su daɗe ba suka gano ƙofar baya. Ma'ajiyar na'urar ba a like take da allon ciki ba, a kan wani gurbi take wanda kowane kamfani ke ƙera abin da zai shige shi. Valve ya gargaɗi mutane kan haɗarin buɗe na'urar, amma bai hana ba, har ya haɗa kai da iFixit domin sayar da kayan gyara. Da farashin ma'ajiya ya faɗi warwas a 2023, sai ya zama mutum na iya sayen mafi arahar, ya kwance 'yan sukurori, ya sa mai terabait ɗaya da kuɗin da bai kai waccan dala 250 ba. Wanda kuma ke tsoron sukudireba yana da ramin katin memori, kuma wasanni suna tafiya daga kan katin kai tsaye.

Sony ya bi akasin wannan hanya shekara goma kafin nan. PlayStation Vita ba ta karɓar kowane kati sai wanda Sony ya ƙera mata ita kaɗai, kuma mai 32GB ya kai kusan dala 100 lokacin da ta shiga kasuwar Amurka a 2012. Har yau ana lissafa tsadar wannan kati cikin abubuwan da suka durƙusar da na'urar. Nintendo ya tsaya a tsakiya: Switch 2 da ta fito a ranar 5 ga Yuni, 2025 kan dala 449.99 tana da 256GB da ramin kati, amma ba ta ɗaukar wasa sai a kan sabon nau'in microSD Express, mai sauri da tsada. Wasu wasannin nata ma katin da ake sayarwa a kwali mabuɗi ne kawai, sai an sauke ainihin wasan daga intanet. Wanda ya tsara haka bai taɓa tsayawa kan tudu yana ɗaga waya sama yana neman sabis ba.

Abin da duk wannan ya nuna shi ne farashin da aka rubuta a kwali ba shi ne farashin na'ura ba. Farashinta na gaskiya ya haɗa da abin da za a kashe a kanta ranar da ta cika, da kuma ko an bar wa mai ita 'yancin zaɓar inda zai saya. Sai dai wannan lissafi ya dogara ne da arahar ma'ajiya, kuma arahar ce ke gushewa. Valve da kansa ya daina ƙera Steam Deck mafi araha a ƙarshen 2025.

Kwamfutar wasan Goronyo waya ce

Valve ba ya sayar da Steam Deck a Najeriya kai tsaye. Ko da yana sayarwa, dala 399 a canjin da ya yi ta kai-kawo wajajen naira 1,500 a 2025 ta kusa naira 600,000, wato fiye da albashin wata takwas na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A jihar da ƙididdigar talauci ta Hukumar NBS ta 2022 ta sanya a sahun farko a ƙasar, da sama da kashi 90 cikin ɗari na jama'arta, ba a nan ake neman kasuwar irin wannan na'ura ba.

Amma wasan yana nan, na'urarsa ce ta bambanta. Waya ce, galibi Tecno ko itel ko Infinix, 'ya'yan kamfanin Transsion na China wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka. A kanta ake buga Dream League da eFootball da Free Fire, a kanta ake kunna tsofaffin wasannin PSP ta manhajar PPSSPP. Kuma wasan ɗan haya ne kawai a gidan. A wannan waya ɗaya ake ajiye karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi, da Labarina da Izzar So, da tambayoyin JAMB na shekarun baya, da hoton takardar NIN da sakamakon jarrabawa, da saƙonnin murya na cinikin albasa da tafarnuwa da shinkafar da ake nomawa a fadamun Rima.

Kaɗan daga cikin wannan kaya ne ya shigo ta intanet ɗin mai wayar. Mafi yawansa ya zo ne daga shagon masu turi, inda mutum ɗaya mai kwamfuta ke saukewa sau ɗaya ya tura wa ɗaruruwa kan 'yan kuɗi kaɗan, daga nan ya bazu waya zuwa waya ta Xender. Masu shirya fina-finan Kannywood sun daɗe suna kukan cewa wannan sana'a ta karya musu kasuwa, kuma kukansu na da tushe. Amma ta fuskar mai kallo, turi shi ne hanyar da ƙauye ya ƙirƙiro wa kansa domin raba kuɗin data tsakanin jama'a. Sharaɗinsa ɗaya ne: a sami inda za a zuba kayan.

Mutanen wannan yanki sun san darajar abin da ke ajiye a waya fiye da kowa. A Satumban 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a Zamfara, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Sakkwato, har da Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Makonni aka yi waya ba ta da wani amfani sai na abin da ke cikinta. Cikin wannan duhu ne, a ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, gwamnan ya ce an kashe mutum 43. A irin wannan yanayi, hoto ko bidiyon da wani ya ɗauka ya adana shi ne shaidar da za ta isa birni a aljihu. Haka ga wanda ya gudo daga ƙauyensa, kamar waɗanda suka taru a Gandi bayan harin Tabanni na 2018: takardun da aka bari a ɗakin da aka ƙone, in an yi sa'a, hotunansu ne ke saura.

Sai kuma tsada ta biyo baya. A Janairun 2025 Hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari. A wata mai bi masa MTN ya mayar da wani tsarinsa na 15GB daga naira 2,000 zuwa 6,000, har sai da fushin jama'a ya sa ya fito ya ba da haƙuri. Duk ranar da data ta ƙara kuɗi, darajar wurin ajiya na ƙaruwa, domin abin da aka goge don a sami fili sai an sake biya kafin ya dawo.

Lambobin da ke jikin kwali

Mai sayen waya yana fuskantar irin zaɓin da mai sayen Steam Deck ya fuskanta, amma ba tare da irin 'yancinsa ba. Ma'ajiyar waya a like take, ba a sauya ta. Abin da aka saya ranar farko da shi za a zauna har wayar ta mutu.

Lambobi biyu ake rubutawa a kwali, kuma ana yawan cakuɗa su. Ƙaramar ita ce RAM, tamkar faifan da ake aiki a kansa. Babbar ita ce ma'ajiya, tamkar rumbu. Yanzu kamfanoni da dama suna rubuta abu kamar 4GB+4GB, ko su haɗe su ce 8GB, alhali rabin ba RAM ba ne: wani yanki ne da aka yanko daga rumbun aka ara wa faifan. Bai kai na gaske sauri ba, kuma daga filin mai wayar aka cire shi. Bayan wannan, manhajar da ke tafiyar da wayar da tarkacen da kamfani ya cusa suna cin nasu rabo tun kafin a buɗe kwalin. Wayar da aka rubuta wa 64GB ba ta taɓa ba mai ita 64GB ba.

Katin memori kuma ba ya magance komai. A Steam Deck wasa na zama a kan kati lafiya lau. A Android, manyan wasannin intanet da yawa ba sa yarda su zauna ko'ina sai a ma'ajiyar ciki, WhatsApp ma can yake tara hotuna da bidiyon da ake turowa a zaurukan siyasa da na dangi, kuma shi ne ɓarawon filin da aka fi mantawa da shi. Kati na fina-finai ne da karatu da hotuna da fayilolin PPSSPP. Saboda haka wanda wasa ne ya kai shi kasuwa, ƙarin kuɗin da zai ba da don ya tashi daga 64GB zuwa 128GB na ciki ya fi masa kowane kati amfani. Wanda kuwa kallo da sauraro ne buƙatarsa, ƙaramar waya da kati na gaskiya sun ishe shi.

Akwai wani ƙaramin abu da ya cancanci a duba kafin a biya: tiren da ake saka layi. Wasu wayoyi gurbi biyu ne da su, na biyun ko layi ko kati, ba duka ba. A Abuja wannan ba matsala ba ce. A ƙauyen da layi ɗaya ke kamawa a bakin kasuwa, ɗayan kuma sai an fita bayan gari, layi biyu dole ne, don haka tire mai gurbi uku shi ne na talaka. Manyan wayoyi sun riga sun yi watsi da ramin kati: iPhone bai taɓa yin sa ba, Samsung ya cire shi daga jerin Galaxy S tun 2021. A ƙananan wayoyi ne ya rage. Kamfanonin nazarin kasuwa irin su Counterpoint da IDC sun yi gargaɗin cewa ƙarancin memori zai fi dukan wayoyi masu araha, domin ribar da ke kansu ba ta da kaurin da za ta shanye ƙarin. Kamfani na da hanya biyu, ya ƙara kuɗi ko ya rage kaya a bar farashi yadda yake. Ta biyun ba ta tayar da ƙura, kuma ita ce ke ƙara tura mutane wajen mai sayar da kati.

Rumbun da ba shi da ƙasa

Kowane katin memori yana da wani ɗan ƙaramin inji a cikinsa wanda ke gaya wa waya girman katin. Waya ba ta aunawa, abin da aka faɗa mata take nunawa. Masu jabu sukan ɗauki kati mai 8GB, su sauya wannan bayani ya ce shi 128GB ne, su buga masa sunan SanDisk ko Samsung a kwali mai kyau. An saka a waya, ta nuna 128GB. An tura fim ɗaya a gaban mai saye, ya buɗe ya yi. Ciniki ya faɗa.

Ɓarnar ba ta bayyana sai an wuce ainihin 8GB ɗin, watakila bayan wata ɗaya ko biyu. Daga nan katin zai ci gaba da karɓar kaya kamar ba komai, amma ko dai sabon ya hau kan tsohon ya shafe shi, ko ya faɗa inda babu. Sunayen fayiloli suna nan a jere, an taɓa ba sa buɗewa. Babu mai gyaran da zai dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa sukan ɗora laifin a kan bairos, ko wayar, ko mai turi, su je a wanke katin, ya dawo yana nuna 128GB, a sake zuba masa kaya. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan rariya da sunan tulu aka sayar da ita.

Mutanen Goronyo ba sa buƙatar dogon bayani kan bambancin abin da aka rubuta da abin da ke ciki. An gina madatsar ruwansu a kan kogin Rima domin ta riƙe kubik mita miliyan 942. A Maris na 2018 hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta bayyana cewa ruwan ya ragu zuwa kusan kashi goma cikin ɗari, saboda ƙarancin damina da yashin da ya cike ta. Bambancin shi ne madatsa ana ganin ƙasanta idan ta ƙafe.

Ga lissafin da mai saye ba ya samun damar yi. A ɗauka ana sayar da jabun kan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin na gaske. Wanda ya saya yana ganin ya tsira da kashi biyu. Amma 8GB ya samu a madadin 128GB, don haka kowane gigabait ɗaya ya zo masa a kan fiye da ninki biyar na abin da mai sayen na gaske ya biya. Ba a sa kuɗin turin da ya salwanta ba, ba a sa datar da za a sake saya ba, balle hoton mahaifin da ya rasu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Ya kamata a raba wannan da wani gibi wanda ba ha'inci ba ne. Kati na gaskiya mai 64GB yakan nuna wajen 59 a kwamfuta, mai 128GB ya nuna wajen 119, saboda masu ƙerawa da kwamfuta ba mudu ɗaya suke awo da shi ba. Abin mamaki, wannan gibin ne ya fi jawo rigima a bakin tebur, domin shi ake gani nan take.

Hanyar gane jabu da babu shakka a cikinta ɗaya ce: a cika katin taf da bayanai, a karanto su a ga ko sun dawo daidai. Manhajoji irin su H2testw da F3 kyauta suke yin wannan aiki. Matsalar ita ce lokaci. Katin da ke rubuta megabait goma a daƙiƙa zai ci fiye da awa uku kafin a cika 128GB, ban da karantawa. Ana buƙatar kwamfuta da wutar da ba za ta ɗauke ba. Mai talla a kasuwar mako ba zai jira ba, kuma ya san da haka.

Wa ke da alhaki

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta haramta yi wa kaya bayanin ƙarya, ta kuma ba mai saye damar mayar da abin da bai dace da yadda aka siffanta shi ba. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su. FCCPC ta nuna tana da haƙora lokacin da ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024. Amma tsarin karɓar kokenta ya fi dacewa da mai rasit da imel da data. Manomin da ya sayi kati a kasuwar Achida ba a ba shi rasit ba, kuma kuɗin motar zuwa Sakkwato da dawowa zai iya cinye abin da yake nema a mayar masa. Wanda ya sayar masa ma sau da yawa bai san cikin kayan ba: sari ya yi daga wanda ya saro a Kano ko Legas. Kama shi ba zai rage komai ba. Abu ne da ya fi farce ƙanƙanta, dubbansa na shiga jakar hannu ɗaya, don haka wurin tare shi shi ne wajen manyan dillalai, inda sayen gwaji da bayyana sakamako a fili zai yi tasiri.

Tushen matsalar kuwa ya wuce kati. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kai kashi 70 cikin ɗari, wa'adin ya cika alƙaluman NCC na wajajen rabi. Ministan sadarwa Bosun Tijani na maganar shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 90,000 da kafa turaku 7,000 a karkara. Tambayar da ta dace matasan gabashin Sakkwato su riƙa yi wa duk mai neman ƙuri'arsu a 2027 ita ce turaku nawa ne nasu, a waɗanne garuruwa, kuma wa zai tsare su a yankin da injiniyoyi ke tsoron shiga. Muddin ba a amsa ba, kati zai ci gaba da zama intanet ɗin yankin, kuma farashinsa zai ci gaba da bin abin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yarda su bari.

Kafin nan, kayan gwajin suna nan a cikin gari, ba a dai ɗora musu aikin ba. Kowane shagon turi yana da kwamfuta, da janareta ko sola, da abin karanta kati. Masu turin kuma su ne suka fi kowa asara da jabu, domin su ake dawo wa da zagi idan fim ya ƙi buɗewa. Babu abin da ya hana ƙungiyoyin masu sayar da waya da masu caji na Wurno da Rabah da Goronyo su yi ƙa'idar cewa ba a kammala cinikin kati sai ya kwana a kwamfutar mai turi, a biya ɗan ladan gwaji, kuɗin ya zauna hannun amintacce zuwa safiya. Hakan zai yi aiki ga mai shago da ke zaune a gari. Mai tebur da ke zuwa kasuwar Goronyo ranar Lahadi kuwa kafin la'asar ya naɗe kayansa, saboda hanyar ba ta biyuwa da dare.